Ƙwaryarmu Ta Je Venis, Yaushe Za Ta Zo Ƙaraye?

A watan Afrilu na shekarar 2024 aka buɗe babban baje kolin fasaha na birnin Venis da ke Italiya, wanda ake yi duk bayan shekara biyu, kuma Najeriya ta kafa rumfarta a can karo na biyu. Mutum takwas aka zaɓa su wakilci ƙasar. A cikinsu akwai Fatimah Tuggar, haifaffiyar Kaduna a 1967, wadda ta yi karatu a Jami'ar Yale, take kuma koyarwa a Jami'ar Florida ta Amurka. Abin da ta kai gaban idon duniya shi ne ƙwarya. Ƙwaryar nan dai da muka sani, ta fura da nono, ta awon hatsi, ta jeren amarya. Ta haɗa ta da kwamfuta da ƙirƙirarriyar basira da fasahar nan da ke ɗora hoto mai motsi a kan abin da ido ke gani, ta sa wa aikin suna Light Cream Pods. Har zuwa watan Nuwamba mutane daga ƙasashe daban-daban suna shiga suna tsayawa a gaban ƙoren nan suna nazari.

A daidai wannan lokaci, a kasuwannin Ƙaraye da Rogo na Jihar Kano, robar da aka ƙera a masana'anta tana ci gaba da korar ƙwarya daga hannun mai tallan nono. Mai gyartai yana neman wata sana'ar. Kuma da wuya ka sami mutum ɗaya cikin masu cin waɗannan kasuwanni da ya ji labarin cewa an kai ƙwaryarsa Turai an karrama ta.

Wannan tazara ce ta dame ni. Ra'ayina shi ne, irin wannan fasaha da ake ginawa don mai kallo ya taɓa ta, ta kuma amsa masa, ta fi dacewa da garuruwa irin su Ƙaraye da Rogo fiye da yadda ta dace da manyan ɗakunan Landan. Dalilina kuwa ba son kai na ƙabila ba ne. Mu ne muke da al'adar kallon da ba a yin sa hannu rungume, muna da labarin da ke neman inda za a ajiye shi, muna kuma da samarin da za su iya haɗa kayan. Ɗaki muka rasa, da mai ɗaukar nauyi.

Bari in fara bayyana abin da ake magana a kai, don mai karatu da bai taɓa cin karo da shi ba. A 2012 wasu masu fasaha da ke kiran kansu Random International suka gina wani ɗaki a cibiyar Barbican ta Landan, suka kira shi Rain Room. Fili ne mai faɗin murabba'in mita 100, ruwa na zuba daga rufinsa kamar da bakin ƙwarya. Amma duk inda mutum ya taka, ruwan wurin sai ya ɗauke. Kyamarori ne ke bin motsin jikinsa, suna sanar da kwamfuta, ita kuma tana rufe famfunan da ke saman kansa tana barin sauran. Mutum yana tafiya a tsakiyar ruwan sama tufafinsa a bushe. Jama'a sun riƙa bin layi na sa'o'i don su shiga na 'yan mintuna, kuma tun 2018 akwai irinsa na dindindin a Sharja ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Wani ɗan ƙasar Mekziko, Rafael Lozano-Hemmer, ya yi nasa a 2006 mai suna Pulse Room. Ɗaki ne da aka rataye ƙwayayen lantarki masu yawa a samansa. Ka riƙe wani ƙarfe, na'ura ta ji bugun zuciyarka, sai ƙwai ɗaya ya fara kamawa yana ɗaukewa daidai da wannan bugu. Wani ya zo bayanka ya riƙe, sai naka ya matsa zuwa ƙwai na gaba. Da haka ɗakin ke cika da bugun zuciyar mutanen da suka riga suka wuce. Alhazanmu ma ba sai sun je Japan ba kafin su ga aikin ƙungiyar teamLab ta birnin Tokyo, domin a 2024 ta buɗe gida a tsohon garin Jidda, inda zanen haske ke gudana a bango da ƙasa yana canzawa idan an kusance shi.

Duk waɗannan ayyuka, abubuwa uku ne ke cikinsu: abin da ke jin mutum, abin da ke yanke shawara, da abin da ke mayar da amsa, ko haske ko sauti ko ruwa. Idan babu mutum a ɗakin, aikin bai cika ba. Masana fasaha a Turai sun ɗauki wannan a matsayin babban sauyi, kuma suna da gaskiya a wurinsu, domin sun shafe ɗaruruwan shekaru suna rataye zane a bango suna sa igiya a gabansa da mai gadi.

Mu fa ba daga nan muka fito ba. Duk wanda ya taɓa leƙa gidan biki ana kiɗan amada ya san babu wata igiya tsakanin mai yi da mai kallo. An kifa ƙore, wata a kan ruwa wata a ƙasa, zabiya na bayarwa ana amsawa. Mace ta shigo fili ta yi liƙi, nan take waƙar ta karkata ta ambaci sunanta da na mijinta da garinsu. Wata ta tsaya a gefe ta ƙi motsi, ita ma ta sami nata rabon na zambo. Waƙar da aka yi a wannan gida ba za a sake yin irinta sak a gida na gaba ba, saboda matan da ke wurin ne suka gina rabinta. Haka tashe. Daga goma ga watan azumi yara kan ɗaura gemun auduga, su cusa tsumma a ciki, su shiga gida gida. Wasan ba ya tafiya sai matan gida sun amsa, sun yi dariya, sun tsokani ɗan wasan ya rama, sannan a debo hatsi a ba su. A birnin Kano, Nalako, jagoran tashen gwauraye, da jama'arsa ba sa neman ɗan wasan da zai fito a matsayin gwauro. Gwauron gaske suke zuwa su taso, ya zama shi ne wasan.

Akwai kuma wani kallon da iyayenmu suka sani, wanda ya zo da na'ura: majigi. Mota ce ke shigowa gari da injin wuta, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar hakimi, bayan isha'i a haska. Gwamnatin mulkin mallaka, sannan ta Jihar Arewa, sun yi amfani da shi wajen koyar da tsafta da noman auduga da gyaɗa, kuma har yau dattawa na tuna fim ɗin Baban Larai. Majigi ya burge mutane ƙwarai. Sai dai magana ce mai hanya ɗaya. An shirya ta a Kaduna ko Legas ko Landan, an kawo maka, ka zauna a ƙasa ka karɓa. Ko ka yi tafi ko ka yi tsaki, hoton ba zai canza ba, kuma da gari ya waye motar ta wuce da kayanta.

Ina ganin da waɗannan biyun ya kamata mu auna duk wani aikin fasahar zamani da za a kawo mana: shin tashe ne ko majigi? Domin da yawa daga cikin abubuwan da ake tallatawa a duniya da sunan fasahar da ke amsa wa mutum, majigi ne da aka ƙara wa maɓalli. Ka ɗaga hannu furanni su watse, ka sauke su dawo. Ka ɗauki hoto ka sa a Facebook, ka fita. Ba ka bar komai a wurin ba, wurin bai san ka zo ba. Abin da ya sa aikin Lozano-Hemmer ya fi Rain Room nauyi a wurina ke nan, duk da cewa na biyun ya fi ban mamaki. A ɗakin ruwa na'ura ce ke nuna maka gwanintarta. A ɗakin fitilu kuwa kai ne ka ba da wani abu naka, aka karɓa, aka ajiye shi kusa da na wani.

A nan ne aikin Fatimah Tuggar ya cancanci a tsaya a kansa, domin ta daɗe tana wannan tunani da kayan ɗakin Bahaushiya. A 2010 ta yi wani aiki mai suna Fai-Fain Gramophone. Ta ɗauko faifan da mata ke saƙawa, na rufe ƙwarya da sheƙar hatsi da fifita abinci, ta liƙa masa takardar suna a tsakiya, ta ɗora shi a kan garmaho yana juyawa. Muryar da ke fita kuwa ta Hajiya Barmani Choge ce, Allah ya jiƙanta, zabiyar amadar nan ta Funtua da ta rasu a 2013. Duba abin da ta haɗa a wuri ɗaya: saƙar mace, muryar mace, da waƙar da ke yawan zaburar da mata a kan sana'a da neman na kansu, duk a kan na'urar da a da maigida ne kaɗai ke taɓa ta. A 2019 kuma, a gidan adana kayan fasaha na Davis da ke Kwalejin Wellesley a Amurka, ta gabatar da Deep Blue Wells, wanda ta gina a kan rijiyoyin rini na Kano, irin na karofin Ƙofar Mata da ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498. Ta haɗa rinannen yadi da hotuna masu motsi da fasahar ɗora hoto a kan zahiri, yadda mai kallo zai leƙa ya ga aikin marina. Sai ƙwaryar Venis ta biyo baya.

Abin da na fahimta daga waɗannan ayyuka shi ne, ba ta ɗauki faifai da ƙwarya da baba a matsayin kayan gargajiya da ake yi wa ado da na'ura don su yi kyan gani ba. Ta ɗauke su a matsayin ƙere-ƙere masu zaman kansu. Ƙwarya tana sanyaya nono, ba ta da nauyi, idan ta tsage a ɗinke ta, idan ta mutu ƙasa ta cinye ta. Wanda ya fara gano yadda za a jiƙa baba da toka a rami har ruwan ya nuna ya kama zare, ilimin haɗa sinadarai ya yi, ko da bai taɓa shiga aji ba. Idan yarinya a makarantar sakandare a Rogo ta ga an ajiye faifan kakarta kafaɗa da kafaɗa da kwamfuta, ba a fifita ɗaya a kan ɗaya ba, akwai abin da zai gyaru a yadda take kallon gidansu. Wannan amfani ne na gaske, kuma ita ce ta fi kowa buƙatarsa. Ɗalibar Wellesley ta ƙaru da sanin wata al'umma. Ta Rogo da ta gani, da kanta za ta sani.

Ba na ɗora wa mai aikin laifi. Mai fasaha yana zuwa inda aka ba shi ɗaki da wuta da kuɗin aiki ne. Rumfar Najeriya a Venis ma gwamnatin Jihar Edo ce ta tsaya mata tare da sabon gidan tarihin da ake ginawa a Benin a lokacin. A Kano muna da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, kuma suna da daraja, amma tsarinsu na ajiye kaya ne a bayan gilashi. A Zariya akwai sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello, inda tun 1958, kafin makarantar ta zama jami'a, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta ce dole fasahar zamani ta tsiro daga ƙasar da aka yi ta. Maganar tasu ta yi tasiri a Nsukka da Legas fiye da yadda ta yi a garuruwan da ke kewaye da Zariyar kanta.

To me Ƙaraye da Rogo za su sa a irin wannan ɗaki in an samu? Ba sai an yi dogon nema ba. Madatsar ruwa ta Challawa tana cikin ƙaramar hukumar Ƙaraye, an kammala ta a 1992, tsawon bangonta ya kusa kilomita 8, tana riƙe ruwan da ya haura kubik mita miliyan 900. An gina ta don birnin Kano ya sha, a kuma yi noman rani. Amma kafin ruwan ya kwanta, akwai abin da ke wurin. Akwai gonaki da fadamu da gidaje da makabartu da itatuwan kuka da kowa ya san sunansu, da hanyoyin da mata ke bi zuwa kasuwa. An tashi mutane an sake musu matsuguni. Wasu manoma sun koma masunta. Can ƙasa kuma, a fadamun Haɗeja da Nguru, wannan madatsa da ta Tiga da aka gina a 1974 sun canza yadda ambaliya ke zuwa, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, wasu dubban mutane da ba su taɓa ganin Ƙaraye ba suka ji a jikinsu. Duk wannan yana cikin rahotannin masana da Turanci. A bakin waɗanda abin ya faru a kansu kuwa, yana nan da Hausa da Fulatanci, ba a ɗauka ba. Wanda yake da shekara 30 lokacin da aka rufe ruwan, yau ya haura 60.

Ga abin da nake hange, kuma na faɗe shi dalla-dalla don kada a ce mafarki ne. Ɗaki guda na ƙasa, mai duhu da sanyi, irin ginin da magina a yankin suka iya. A daɓensa a zana taswirar kwarin da ruwan madatsar ya rufe kamar yadda yake kafin 1990, dattawan da suka zauna a wurin su ne za su nuna inda kowane abu yake, su yi gardama har su daidaita. A gurbin kowane ƙauye a kifa ƙwarya. A cikin kowace ƙwarya a manna ɗan faifan tagullar nan mai jin bugu, irin wanda ke cikin agogo mai ƙara, a ja waya zuwa ƙaramin allon sarrafawa irin su Arduino, wanda ɗaliban injiniya a Jami'ar Bayero da ta Wudil ke amfani da shi a ayyukansu na kammala karatu. Yaro ya shigo ya ƙwanƙwasa ƙwarya, sai fitila ta kama a ƙarƙashinta, murya ta tashi: wata tsohuwa tana faɗin sunan garinsu, da wanda ya haƙa rijiyarsu, da abin da suka ɗauka ranar tashi da abin da suka bari. A ƙwanƙwasa biyu tare, muryoyi biyu su haɗu. Idan ɗakin ya cika da 'yan makaranta kowa na bugawa, kwarin gaba ɗaya ya ɗauki magana, kamar ranar kasuwa. Sannan, wanda shi ne ya raba shi da majigi, a bar ƙwarya ɗaya a buɗe a bakin ƙofa da makirfo a ciki. Duk wanda ke da abin ƙarawa, ko gyara, ko ƙaryatawa, ya duƙa ya faɗa. Bayan an tace, muryarsa ta shiga cikin sauran.

Rogo tana iya yin nata daban. Gari ne na kan iyaka, yana taɓa Kaduna yana taɓa Katsina, kuma rayuwarsa na tafiya ne da damina da fadama da ranakun kasuwa. Emeka Ogboh, ɗan Najeriya mai aiki da sauti, ya naɗi hayaniyar kasuwar Balogun ta Legas ya mayar da ita aikin da aka saurara a gidan tarihin Smithsonian na Washington a 2016. Kiɗan gayya, da kiran mai talla, da ƙarar injin matse rake, da cinikin shanu, da luguden mata, ba su gaza wannan ba. Wasunsu ma suna gab da ɓacewa, domin injin niƙa ya kusa kashe lugude, maganin feshi kuma ya rage gayya.

Masu haɗawa fa? Suna nan a bakin tasha. Yaron da ke buɗe waya ya canza mata ƙananan sassan da ido da ƙyar ke gani, wanda ya koyo a kasuwar Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ba zai kasa haɗa waya goma sha biyu da allo ɗaya ba. Mai sa sola ya san lissafin batir da faranti fiye da yawancin masu digiri. Mai hayar lasifika a gidan biki ya san yadda sauti ke zama a ɗaki. Mai gyartai da masu sassaƙa ƙwarya da mata masu saƙar faifai su ne za su yi jikin aikin, a biya su a kuma rubuta sunayensu a bango daidai da na mai kwamfuta. Akwai kuma wata dama da Ƙaraye ke da ita wadda sauran ƙananan hukumomin Kano ba su da ita: sansanin horar da masu yi wa ƙasa hidima na jihar yana Kusalla. Sau da yawa a shekara ana tara matasa masu digiri daga ko'ina a Najeriya na mako uku, cikinsu akwai injiniyoyi da masu zane da masu ilimin kwamfuta, sannan a watsa su. Kowannensu ana buƙatar ya yi aikin raya al'umma a shekararsa. Da za a riƙa tsayar da ko mutum biyar a kowane zango a haɗa su da samarin gari a kan aiki irin wannan, da ilimin ya zauna ko bayan sun tafi.

Na san abin da za a ce, kuma masu faɗa ba wawaye ba ne. Za a ce mutanen da ke fama da tsadar taki da hanyar da ta lalace da asibitin da babu magani, ina su ina ɗakin fitilu. Gaskiya ne ciki ne gaba. Amma ban taɓa ganin an fasa hawan sallah ko bikin aure don taki ya yi tsada ba, kuma bai kamata a fasa ba, domin mutum ba ciki kaɗai ba ne. Kayan da na lissafa, ban da faranti da batir, ƙananan abubuwa ne da ake saye a kasuwa. Abin da ya fi tsada shi ne lokacin da za a ɓata ana zama da tsofaffi. Wutar gwamnati kuwa kada a sa ta a lissafi tun farko. An daɗe ana maganar samar da lantarki daga madatsar Challawa, to ko ya samu, aikin da ba zai iya tsayawa da hasken rana ba zai yi mako ɗaya yana aiki ya yi wata yana kulle.

Za a kuma yi maganar addini, kuma wannan ita ce wadda ba a yi wa gaggawa. Muna tune da 2016, lokacin da gwamnatin tarayya ta sanar da gina dandalin shirya finafinai a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji. Malamai da jama'a da dama suka tashi, cikin ɗan lokaci aka janye. Kowa na da fassararsa a kan wannan lamari. Tawa ita ce, an yanke shawara a Abuja aka kawo wa mutane ita a gama, aka ce su karɓa. Aikin da nake magana a kai ba ya buƙatar mutum-mutumi ko surar mai rai. Haske ne da murya da ƙwarya da taswira, kuma idan ana son ado akwai dagi da zanen bango da salon zayyana da mahaddata suka ƙware a kai, ba tare da an sa ayar Alƙur'ani a abin da yara za su riƙa bugawa ba. A ware ranakun mata da na maza. A je wa limamai da alarammomi tun ana shawara, ba ranar buɗewa ba. Su ma suna da tarihin tsangayun da ruwa ya tasa, kuma ya kamata ya shiga.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba waɗannan ba ne. Murya amana ce. Tsohuwar da ta yarda ta faɗi labarin tashinsu don jikokinta su ji, ba ta yarda a yanko shi a watsa a TikTok ana dariyar haƙoranta ba. Wani zai ambaci diyyar da aka ci, ya kama suna. Wata matar aure za ta so a ji maganarta amma kada a san ita ce. Dole a sami ƙa'ida tun kafin a kunna rakoda: mai murya ya san inda za ta je, yana da ikon ya ce a cire, iyalinsa su sami kwafi, kuma asalin abin da aka naɗa ya zauna a garin, kada ya koma kwamfutar wani mai bincike ko wata ƙungiya da za ta nemi tallafi da shi a waje. Mata su naɗi mata, a cikin gidajensu. Kuma tunda da yawa daga cikinsu ba za su fito zuwa ɗakin ba, a yi ƙaramin samfurinsa da zai shiga akwati, ƙore shida da batir ɗaya, a riƙa kai shi gidajen suna da biki, inda dama can ake kifa ƙwarya.

Saura mai ɗaukar nauyi. A watan Yulin 2024 gwamnatin Kano ta sake kafa masarautar Ƙaraye a matsayin mai daraja ta biyu, ta ƙunshi ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo, aka naɗa Mai Martaba Alhaji Muhammad Maharaz. A watan Disamba na shekarar kuma hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake karewa. Masarautun da aka kafa, aka rushe, aka sake kafawa cikin shekara biyar suna buƙatar abin da zai ɗaure su da talakawansu wanda ba ya jiran sakamakon zaɓe. Ran Sarki ya daɗe, hawa kowace masarauta na yi, kuma ta Kano za ta fi kowa dawaki har abada. Amma ban san wata masarauta da ta tara muryoyin talakawanta ta gina musu ɗakin da za su ji kansu ba. Fada ce kaɗai za ta iya aika wa dagatai da masu unguwanni su tara dattawa, kuma tsoho zai buɗe baki ga wanda mai unguwa ya kawo fiye da baƙon da ya sauko daga mota da kyamara.

Kada a fara da gini, kada kuma a fara da kwangila. Mun ga rijiyoyin burtsatse da ɗakunan kwamfuta na makarantu da aka buɗe da kaɗe-kaɗe, bayan shekara guda ƙaramin abu ya lalace aka rasa mai gyara. A fara da wayoyi masu kyan ɗaukar murya a hannun matasa goma, maza da mata, a wannan rani, su bi garin Turawa da na Yammedi da sauran garuruwan da ke kewaye da ruwan, kowa ya fara da kakarsa. Ɗakin zai iya jiran shekara biyu. Idan an zo gina shi, a tabbata yaron da zai riƙe makulli shi ne ya haɗa wayoyin da hannunsa, a yanka masa albashi, a kuma ajiye masa akwatin kayan canji a nan garin. Daga nan sai a rubuta wa Fatimah Tuggar takarda a gayyace ta, ta zo ta ga abin da aka yi, ta kawo nata idan ta yarda.